Ragon Sunan Takwarar Hajiya

Assalamu alaikum, Yaya Bala.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Jakara lafiya lau, matarka Rabi da jaririya suna ta samun ƙarfi.

An yi suna ranar Talata. An mayar da sunan mahaifiyarmu Hajiya, Allah ya jiƙanta, muna kiran yarinyar Ummi. Maganar rago da ta hana ka sukuni kuwa, kwantar da hankalinka, ko kasuwa ba mu leƙa ba.

Ka tuna tunkiyar da Hajiya ta bari, wadda ka matsa mini in sayar, wai kashinta yana ɓata tsakar gida? Ɗanta muka yanka. Wata takwas yana turke ina ba shi dusa da harawa, sai da maza biyu suka kama wa mahauci kafin a kayar da shi. Unguwa ta ci nama, ungozoma ta tafi da kai da ƙafa, fata ta tafi majema. Kashin da kake ƙorafi a kai ma, masu lambu ke zuwa saye buhu-buhu.

Tunkiyar ta sake ɗaukar ciki, don haka kada ka ƙara yi mini zancen sayarwa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida abokan zamanka. In Ummi ta girma, da bakina zan gaya mata kakarta ce ta yi mata ragon suna.

Ƙanwarka,
Binta