An Zo Ganin Gidanka da Azahar

Abban Nafisa,

Assalamu alaikum. Na ɗauki biro zan ce ina fatan kana lafiya, kamar yadda aka koya mana a makaranta, sai na tsaya. Ina fatan kana cikin rahama, wannan ya fi dacewa. Na san ba za ka karanta takardar nan ba. Ko da kana raye ma sai ka nemi tabarau ka rasa, ka ce in karanta maka.

An sayar da gidan. Gara in faɗa maka tun daga farko, tunda ba ka son kewaye-kewaye.

Bayan na fita takaba aka zauna rabon gado. Ka san yadda abin yake: ni tumuni, Nafisa da Hauwa kasonsu, abin da ya rage na ƙaninka Sale. Ba ka bar gona ba, ba ka bar dabba ba. Duk abin da ka samu a aikin koyarwa, cikin gidan nan ka zuba shi, gida kuwa ba ya yankuwa kamar kabewa. Kada ka ga laifin Sale, bai matsa mana ba. Damina na tafe, gonarsa ta Gwiwa na jiran taki, bakunan da yake ciyarwa sun fi namu yawa. Ba mu da abin fansar kasonsa, sai aka ce a yi wa gidan kuɗi.

Dillalin da aka kawo, Ɗanjuma sunansa, mutum ne mai ladabi. Ya taka filin, ya leƙa ɗakuna, ya tambayi takardu, ya duba nisanmu da titi. Ko sau ɗaya bai ɗaga kai sama ba. Ni na nuna masa farantan sola da batura. Na gaya masa akwai soso mai ƙyalli a shimfiɗe tsakanin kwano da silin, kwanon kuma an shafe shi da farin fenti don ya mayar da rana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a Kazaure fili ake saye da yawan ɗakuna da unguwa. Sola, a cire a kai wa masu shaguna, don mai saye ba zai ƙara ko kwabo saboda ita ba. Soso da fenti ba su da farashi. Darbejiyar da ka dasa ta yamma don ta tare ranar la'asar, ya ce wani ma ragi zai nema a kanta, tunda sai ya biya mai sara kafin ya fitar da shago.

Ka ji yadda aka yi wa aikinka kuɗi? Ina da bakin magana? Ni ce fa na fara raina shi. Ka tuna shekarar bikin Nafisa, ina ta naci a sa tayil a falo, kai kuma ka shigo da batura a bayan Keke, kana murmushi kamar ka sayo ragon layya? Da ka sa aka huda ƙananan tagogi can kusa da silin, suna kallon juna, na ce ka mayar mana da gida akurkin kaji. Da ka hau rufi da bokitin fenti, na tambaye ka ko ungulu za ka burge.

Masu saye suka fara zuwa. Kullum bayan la'asar Ɗanjuma ke kawo su, su zagaya, su taya kuɗin da ake taya kowane gida a layinmu. Da na tambaye shi dalilin lokacin, ya ce haka ake yi tun fil azal. Babu dillalin da ke nuna gida da tsakar rana a bazara, don zafin ɗaki kaɗai zai kori mai kuɗi kafin a kai ga ciniki.

A nan na kafe. Na ce daga yau duk mai son ganin gidan nan ya zo da azahar, in ba haka ba ƙofa a rufe take. Ɗanjuma ya kai ƙarata wurin Sale. Sale ya zo da kansa, ya zauna a bakin ƙofa kansa a sunkuye, ya ce ya ba ni zuwa ruwan shuka. In ya sauka ba a samu wanda ya yarda ba, za a kwance solar a sayar daban, gidan kuma ya tafi a yadda aka taya. Na ce na ji. Tun daga ranar nake duban gabas kamar manomi, sai dai ni ba ruwan nake roƙo ba.

Da yawa sun ƙi zuwa. Wa zai bar inuwa ya je kallon gidan wani da rana tsaka? Har hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, sannan wani ma'aikacin lafiya da aka yi wa canjin aiki daga Babura ya zo da tsohuwarsa, mai fama da hawan jini, wadda zafi ke kayarwa duk shekara. Ranar babu wuta a gari. Sun shigo gumi na tsiyaya, na ba su ruwa daga firij. Da suka huta, sai na tashi na kashe fanka, na ce su ji ɗakin da kansa.

Abban Nafisa, na yi bayani. Na gaya masa iska mai zafi sama take hawa, shi ya sa tagogin suke can. Na gaya masa yadda ake wanke farantan, da abin da baturan ba sa so, da rabonmu da sayen man janareto, da ƙanƙarar da nake sayarwa da azumi. Kalmominka ne ke fita daga bakina ɗaya bayan ɗaya, har da yadda kake ɗaga yatsa. Ashe duk shekarun nan ina saurarenka? Ya hau tsani ya leƙa cikin silin. Kafin ya sauko, tsohuwar ta yi barci a kujerarka ta gindin taga, bakinta a ɗan buɗe.

Ya kalle ta ya daɗe. Bai ja ciniki ba. Ya ƙara a kan abin da Ɗanjuma ya yanka, ƙari mai kauri, da sharaɗin kada a cire ko ƙusa, bishiyar ma a bar ta.

Sale ya sami takinsa, har ya yi ƙwalla yana yi maka addu'a. Ɗanjuma ya karɓi la'adarsa. Ni na sa hannu inda aka nuna mini. Mata sun zo suna jira in yi kuka su rarrashe ni, ban yi ba. Ba dauriya ba ce. Jina nake kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ana taɓawa ba ta ji. Na yi ta faɗa don a san darajar aikinka, aka sani, sanin kuma shi ya fitar da ni daga gidan. Wa zan kai wa ƙara?

Hauwa na nan tana karatunta. Nafisa na da ciki, za ta haihu da kaka in Allah ya so. Mun kama haya kusa da tasha, ciki da falo, kwano tsirara babu silin. Tsohuwar wanda ya sayi gidan ta ce duk ranar da zafi ya dame ni in zo in huta, gida nawa ne. Na yi godiya. Ban san yadda ake sallama a ƙofar nan ba.

Gobe zan miƙa makulli. Yanzu azahar ta yi, ina zaune a falo, an kwashe kaya, fanka a kashe. Duk bazara kakan shigo daga makaranta, ka tsaya a tsakiyar ɗakin nan, ka tambaye ni ko na ji bambanci. Kullum sai in taɓe baki in ce ba laifi. Na ɗauka akwai sauran bazara da yawa a gabanmu. Baƙo na gaya wa, kai ban gaya maka ba.

Na ji bambancin, Abban Nafisa. Gidan yana da sanyi. Tun shekarar farko yake da sanyi.

Allah ya sanyaya makwancinka. Sai mun zo.

Matarka,
Binta