Na Saka Ƙofa Mai Ƙara, Mutane Sun Gudu

Anti, don Allah ki taimake ni. Gidan motsa jikina na neman rufewa a hannuna, kuma duk laifin mutanen unguwar nan ne da ba su waye ba.

Da can masu rajistar wata-wata yadda suka ga dama suke biya. Wani ya miƙa wa yayata kuɗi a teburin shiga, wani ya turo ta waya, wani ma rabi yau rabi mako mai zuwa, sai ka ce shagon kayan miya. Abin ya ishe ni. Na ce daga yau sai kati, banki ya riƙa cirewa da kansa duk wata. Na saka ƙofa mai na'ura: in kuɗinka bai shiga ba ta kunna jar wuta, ta yi ƙara, ta ƙi buɗewa. Yayata kuwa na ce ta je gida ta huta, tunda aikinta ya ƙare.

Sai ga mutane suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu wai ba sa son a taɓa musu asusu ba su sani ba. Masu aikin hannu wai kuɗinsu ba ƙarshen wata yake zuwa ba. To ni ina ruwana? Akwai wani tsohon direba da likita ya sa shi tuƙa keke saboda gwiwa, tun buɗewarmu yake zuwa. Wa'adin katinsa ya ƙare, ƙofa ta yi masa ƙara a gaban samari, ya tsaya da tawul a kafaɗa, ya juya. Shi ke nan fa, abokansa kaf suka bi shi. Mutum da furfurarsa yana fushi da ƙofa! Yanzu injuna sun fi mutane yawa, mai gini kuma ya ce in haya ta gagare ni akwai mai so. Ta yaya zan wayar da kan mutanen nan?

Mai Son Ci Gaba

Mai Son Ci Gaba, sannu da wayewa. Na bi wasiƙarka ina neman laifin mutanen nan, naka kaɗai nake ta cin karo da shi.

Ta wani gefen kana da gaskiya. Bin mutane su biya akwai gajiya, kuma cirewar banki ta dace da mai albashi, ka bar masa ita. Amma kafinta da tela fa? Mutum ya zo da kuɗinsa a hannu ka ce ba irinsu kake so ba, sannan ka zauna kana mamakin kujeru babu kowa. Haba malam!

Ka dawo da biyan hannu, da turawa ta waya, da na mako-mako. In kati ya ƙi, a sanar da mutum a asirce, a ɗaga masa ƙafa na 'yan kwanaki. Ƙarar nan kuma ka kashe ta yau. Yayarka da ka sallama ita ta san wanda albashinsa ya makara da wanda aka yi wa rasuwa, shi ya sa ba a gudu a lokacinta ba. Ka je ka ba ta haƙuri, in ta yarda ta dawo ka gode wa Allah.

Dattijon nan ba da ƙofa yake fushi ba, kai ka tozarta shi. Kada ka tura masa saƙo. Ka taka har gidansa, ka durƙusa ka gaishe shi, kuma kada bakinka ya furta kalmar kati. In ya ƙi dawowa, ka sani ba gwiwar ce ta warke ba.

Allah ya rufa asiri, ya dawo maka da jama'arka kafin mai gini ya karɓi makullinsa.

Antinka