Idon Jikata Guda, na Ɗiyarta Biyu

Zuwa ga Majo, shugaban gidan likita na karkararmu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki. Ni ce Hajo, matar marigayi mai awon hatsi, tsohuwar da ka ce ta jira waje. Ban yi karatun lakkol ba. Jikata Rabi ke rubutawa, ni ke faɗi.

Na ɗaya. Rabi na da shekara biyu ciwon daji, wato kansa, ya kama idonta na hagu, aka cire shi a Yamai, ta rayu. Bara ta haihu. Muka ji ana iya magana da likitar cututtukan gado ta salula, a auna jini a gane ko ciwon na bin zuri'a. Sau biyu muka zo maka. Ka ce wanga ba abin mutanen ƙauye ba ne.

Na biyu. Matar da ke awon ciki nan wurinka ita ta kira mana, da salularta, gindin iccen bedi inda rezon waya ke kamawa. Likitar gadon ta tambaye mu wa da wa suka yi ciwon ido a dangi. Rabi ba ta sani ba, ubanta ma bai sani ba. Mu nan ba a kiran yaran da suka mutu. Ni na kira su. Ƙanwar mijina, da ɗan farina, dukansu da farin ido suka tafi. Har sunan mijina na faɗi, wanda bakina bai taɓa kamawa ba tun aure. Kunya ba ta kashe ni ba.

Na ukku. An ɗebi jinin Rabi, motar Maradi ta tafi da shi. Amsa ta zo: gado ne. Aka ce a kai jinjirar Rabi a duba ta maza-maza. Aka tarar da ɗigon ciwon, bai kai ƙwayar gero ba, aka ƙone shi. Idonta biyu suna nan. Jiya da su ta hango fura ta kifar mani.

Ba ƙara na kawo ba. Ka aje salula guda da rana guda don masu irin wanga ciwo. In an zo tambayar dangi, a shigo da tsofaffi, mu muka yi zaman makokin, mu muka san wa ya tafi da mi.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi ba ka kunnen saurare. Kujerar waje kuwa, na bar maka abarka.

Wassalam.
Hajo, daga Dakoro