Abu na Uku da Ban Duba Ba

Asabar, 4 ga Mayu

Mako uku ke nan ina ɗaukar wa jam'iyyar su Dokta Adawiyya, ƙungiyar masu kula da dabbobi, karnuka a bayan motata. Aikinsu kyauta ne: a kamo karnukan titi, a fiɗiye maza, a cire wa mata mahaifa, a ɗan yanke kan kunnen hagu don a gane an yi, sannan a mayar da su inda aka ɗauko. Ta ce ya fi a riƙa zuba musu guba duk shekara. Na yarda da ita. Amma Kaltuma tumaki na ce mata ina ɗauka. Shekara goma sha shida da aurenmu, ga abin da nake ɓoye mata.

Dokta ta ba ni takarda mai abu uku da zan duba kafin in ɗora keji a mota. Kunne: in a yanke yake, a saki. Wuya: in da igiya, yana da mai shi. Ciki: in karya ce mai shayarwa, a bar ta, 'ya'yanta na nan kusa. Na kwafe su a bangon littafin nan.

Litinin, 6 ga Mayu

Biyu yau, duka maza. Safar hannu biyu na sa, ɗaya kan ɗaya. Na wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa, duk da ko lasata ba su yi ba. Na sani sarai an karantar da mu cewa kare mai rai ba najasa ba ne a mazhabarmu. Ba karatu ke damuna ba. Idon mutane ne.

Laraba, 8 ga Mayu

Na kafa keji bayan tsohon siton dabino a unguwar Harra ta Gabas, inda baƙaƙen duwatsu suka fara. Da hantsi na koma, wata jar karya ta shiga. Na duba kunne, na duba wuya. Ina shirin tsugunawa sai na hango Malam Sharfuddeen tela da mutum biyu na masallacinmu sun nufo hanyar. Shi ne dattijon da ya raɗa wa 'yata Huda suna. Ban san lokacin da na jefa wa kejin tampol ba, na tura shi mota, na ja.

A iyada, asibitin su Dokta, na cike takardar. Abu na uku na rubuta "ba ta shayarwa".

Wataƙila ma haka ne. Ramammiya ce.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ba haka ba ne.

Suna barinsu su kwana ba ci kafin aiki, saboda haka sai yau da safe aka yi mata allurar barci aka kwantar da ita rigingine. Ƙarfe tara Dokta ta kira ni.

"Malam Saminu, ka duba cikinta kuwa?"

Na ce na duba. Da bakina.

Sannan ta ce, "Nono ne ke zuba a hannuna yanzu haka. 'Ya'yanta ba su fi kwana goma ba, kuma tun jiya da hantsi ba su sha komai ba. Ba mu yi mata aikin ba. Halas, shi ke nan, ka zo, tana farfaɗowa ka mayar da ita, ita kaɗai ta san inda suke."

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Sai bayan azahar ta iya tsayuwa. Zafin garin nan, duwatsun kamar an hura musu wuta. Na buɗe kejin bayan siton, ta fito tana tangaɗi, ta faɗi, ta tashi. Na bi ta a baya da galan na ruwa. Takalmina ya tsinke a hanya. Wani rami ne ƙarƙashin dutse, an rufe bakinsa da tsohuwar katifa. Huɗu ne. Biyu sun riga sun sandare. Ta riƙa lasarsu duka huɗun, ba ta bambance ba.

Ɗaya ya kama nono. Ɗayan, mai farin goshi, ya kasa ko ɗaga kai.

Na kira Dokta. Ta ce in kawo shi maza. Na duba aljihu, safar hannu tana mota. Na tsaya ina tunanin komawa in ɗauko. Wallahi na tsaya. Ban san minti nawa ba. Daga baya na naɗe shi a hulata.

Juma'a, 10 ga Mayu

Ban ji huɗuba ba. Ina zaune ne kawai.

Asabar, 11 ga Mayu

Na gaya wa Dokta gaskiya a tsaye, bakin ƙofa. Har da zancen tampol. Ta ce, "Ai na sani. Mutum mai rubuta lambar kowane keji ba ya mantuwa, sai dai tsoro." Ta miƙo mini ƙaramin bulumboti, kwalbar shayar da jariri, da gwangwanin madara. Ba su da mai zama da ɗan kwikwiyon, duk awa uku yake sha. Ta ce, "Kai ka raba shi da nono, kai za ka zama nonon."

Yana cikin kwali a gaban mota. Ina tsayawa a inuwa nesa da unguwa in ba shi. Na binne biyun a bakin ramin. Ban san me ake cewa ba, ban ce komai ba.

Talata, 14 ga Mayu

Kaltuma ta ajiye mini shayi, ta ajiye tsohon tawul kusa da shi.

Ta ce, "Baban Huda, ka shimfiɗa wa ɗan tinkiyar nan taka, kwali na da tauri."

Na rasa inda zan sa idona. Ta ce tun makon farko ta gane, a gidan kiwo ta tashi, ta san gashin tumaki. Na tambaye ta me ya hana ta magana. Ta ce, "Ina jira in ga yaushe za ka daina ɗaukata baƙuwa."

Wannan ta fi ta Dokta ciwo.

Alhamis, 16 ga Mayu

Ya buɗe ido. Ya sha duka.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na mayar da shi wurin uwarsa. Ta shinshina shi da daɗewa, har na fara cewa ta ƙi. Sai ta ɗauke shi a baki ta shige rami. Kullum da safe ina kai ruwa da ragowar shinkafa. Har yanzu ina waiwayawa kafin in sauka daga mota. Yau na ƙirga, sau uku na waiwaya.

Laraba, 26 ga Yuni

Sun yaye. Dokta ta ce lokacin aikin uwar ya yi, 'ya'yan sai sun ƙara girma. Ta shiga kejin ba gardama, ta saba da ni.

Kunne. Wuya. Na tsuguna, sai na ji sallama a bayana. Malam Sharfuddeen ne, da mutum biyun nan dai, kamar an aiko su. Tampol yana gefen ƙafata. Na amsa sallamar ban tashi ba, na zura hannu na shafa cikinta. Nonon ya ƙafe.

Ya ce, "Ya Saminu, ashe tumakin naka haushi suke yi?"

Mutanen suka kwashe da dariya. Na ce, "Karnuka ne, Malam. Asibiti nake kai su, a hana su haihuwa, a dawo da su."

Ɗaya ya tofar da yawu ya yi gaba. Malam ya daɗe yana kallon mai farin goshin, wanda ke jan igiyar takalmina. Ya ce akwai wata baƙar karya bayan shagonsa, duk shekara sai ta zuba masa 'ya'ya takwas, ko ana rubuta suna ne? Na ce Asabar zan zo. Ya ce in zo kafin ya buɗe, kada in tsorata masa masu kawo ɗinki.

Ban san abin da za a ce a masallaci ba. Za a ce dai.

Da na dawo gida na wanke hannu da sabulu na zauna. Sai da na kai loma ta uku na tuna sau ɗaya na wanke. Na ci gaba da cin abincina.