Birai Sun Ci Karatuna, Kada Su Ci Na Hafsatu

Zuwa ga Farfesa, shugaban sashen nazarin namun daji a jami'ar da 'yata Hafsatu take karatu a Manchester.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali. Mu nan Small Heath ta Birmingham, maigida lafiya, ƙannen Hafsatu lafiya. Ni ce ba lafiya. Likitan unguwarmu, GP, ya ce jinina ya hau, ya tambayi dalili, na ce birai, ya rubuta wani abu yana kallona.

An ce kai ɗan gida ne, shi ya sa na rubuto da Hausa, da hannuna, don mutanenmu su shaida.

Na farko. Hafsatu ta ce za ku tura ta gandun daji a kan duwatsu, can gida, ta zauna cikin hazo tana lura da birai, masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su kalle su. Ranka ya daɗe, a gindin irin waɗannan duwatsu aka haife ni. Yayyena suna makaranta, ni ina kan rumfa ina kaɗa gwangwani don kada birai su cinye masarar Baba. Sai da na yaye Hafsatu na iya rubuta sunana, a ajin manya. Yau kuma jikokin waɗancan ɓarayi ake kira dukiyar ƙasa.

Na biyu. Na haƙura, na je masaukinta a Fallowfield na haɗa mata kaya. Na sa gwangwanin madara da tsakuwa a ciki. Ta cire, wai dokarku ta hana ƙara saboda hankalin birai zai tashi. Nawa hankalin fa? Ta ce suna da kunya. Wanda ya fizge ɗankwalina ya hau bishiya da shi bai nuna kunya ba.

Roƙona: a bar ta da gwangwaninta. Ba za ta kaɗa ba sai sun fara. Kuma duk wanda zai raka ta ya kasance bai fi ta gudu ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare gonarka in kana da ita. Ina jiran amsa kafin Juma'a, don ranar Asabar jirginsu zai tashi. In na ji shiru, zan hau bas in zo ofishinka da gwangwanin. Za ka san na iso tun ina farkon titinku na Oxford Road. Hannuna bai manta ba.

Wassalam.

Maman Hafsatu, Birmingham