Mai Kashe Kwamfutoci

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau. Yatsun da sanyin aiki ya ƙona sun fara warkewa, kada ka gaya mata.

Har yanzu tukwanen ruwan nitirojin, mai tsananin sanyin nan, nake kai wa mutane. Cikinsu akwai wani ƙaton banza, da furfurarsa, wai shi gwani. Sai ya kwarara ruwan a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta don kada ta yi zafi, ya tilasta mata gudu har ta mutu, yana tafi kamar yaro. Jiya ya kashe ta huɗu. Na roƙe shi ɗaya saboda karatun Auta, ya ce, "Waɗannan na wasa ne."

Ka ce wa Auta ban manta ba.

Ƙaninka.