Jar Fedarka da Katakon Mai Kifi

Zuwa ga yayana Sadisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in kawo maka ƙarar kaina. Na san inda kake wasiƙa ba ta zuwa, amma masu leƙa shafina za su karanta, su shaida ban ɓoye komai ba.

Ka tuna fedojin jita uku da ka bar mini, 'yan na'urorin nan da ake takawa da ƙafa? Biyu na sauya sauti ne, akwai irinsu a kasuwa. Ta ukun, jar nan mai naɗar kiɗa ta riƙa maimaitawa, ita ce ba ta da ta biyu, domin a cikinta kiɗan da ka naɗa yake, mako guda kafin a kwantar da kai a asibiti. Bai kai minti ɗaya ba. Shekara biyu ke nan in na taka ta sai in ji kamar ka shigo ɗakin.

Kai ba ka taɓa yi musu mazauni ba. A buhun shinkafa kake zuba su, in mun je biki ka zazzage a ƙasa, wayoyi a harɗe kamar taliya. In na yi ƙorafi ka ce, "Auwalu, mutane kiɗa suka zo ji, ba kaya suka zo gani ba." Ni kuwa ka san ni da son a ce na iya. Na ga yadda makaɗan Legas suke jera nasu a kan allo guda, na ce ni ma sai na haɗa, kuma ba kafintan da zai ci ko sisina.

A Kasuwar Kifi ta Baga Road na samo katakon. Wani dattijo mai sayar da banda ya sake tebur, tsohon yana jingine, ya ce in ɗauka in rage masa shara. Katako ne mai kauri, baƙi, sai ƙyalli yake. A wautata na ɗauka fenti ne, ashe man kifi ne na shekara da shekaru. A cikin kasuwar nan ba ka jin warin komai, tun daga bakin ƙofa hancinka ya mutu.

Na yanka shi da zarto, na buga masa ƙafa biyu ta baya don ya ɗan karkato, na huda ramukan da wayoyi za su bi ta ƙasa. Na tsaga tsohuwar robar tayar keke na ɗaɗɗaure fedojin tamau. Wallahi ya yi kyau, Yaya, har hoto na ɗauka.

Washegari da rana ta take, kwanon ɗakinmu na Bulabulin ya ɗau zafi, sai katakon ya fara zufa. Ƙarni ya cika ɗakin, irin wanda yake sauka a maƙogwaro ya zauna. Na goge da sabulu, na goge da toka, na matsa lemon tsami, na shafa kananzir. Ko gezau. Tuwo ma in na kai baki kifi nake ji.

Matata Falmata ce ta ce a bar mata. Ka san ta tana amarya, to har yanzu tana nan da imaninta cewa babu warin da ya gagari turaren Barno. Ta hura gawayi a kasko, ta zuba turaren wuta, ta kifa kabbasa, kwandon nan na turara kaya, ta ɗora allon a kai ta lulluɓe da bargo, yadda take yi wa laffayarta. Kwana uku tana yi safe da yamma. Ni kuma ƙiwar kwance robar nan ta hana ni cire fedojin, da su aka turara.

Ƙarnin bai tafi ba, aure suka yi da turaren suka haifi abin da ya fi su muni. Kuma ban tuna da sukari ake haɗa turaren nan ba. Hayaƙin ya bar danƙo a jikin komai, har cikin ramukan da ake soka waya. Ga man kifi, ga zaƙi, ga duhu da ɗumi a cikin fedojin. Da hannuna na gina wa kyankyasai gida, na sa musu abinci.

Ban sani ba sai bayan sati uku, a wani biki a Gomari bayan la'asar. Ina ajiye allon uwar amarya ta yamutsa fuska, ta sa a duba ko wani abu ya mutu a bayan rumfa. Na yi kamar ban ji ba. Da kiɗanka nake buɗe kowane wasa, sai na taka jar fedar. Na ji wani abu ya fashe a ƙarƙashin ƙafata, sifika ta yi gurnani ta yi shiru. Sai ga su suna fitowa ta ramin waya, manya da ƙanana, har da farare waɗanda ba su gama yin launi ba. Ɗaya ya haye ƙafar wandona. Mata suka tattare laffaya suna ja da baya, na ƙarasa bikin da jita zalla.

Na kai jar fedar wajen mai gyaran rediyo. Yana kwance murfin ya kawar da kai ya tofar da yawu. Ƙwai ne jere reras, ga kashinsu, ga ruwan jikinsu ya ci kayan ciki sun yi kore. Ya ce feda dai ana samun wata, amma abin da ke ciki ya tafi. Sannan ya tambaye ni ko na taɓa kwafar kiɗan a wayata. Shekara biyu, Yaya, kullum sai in ce gobe.

Falmata ta yi kuka, na ce mata ba laifinta ba ne, kuma da gaske nake. Kyankyasan ma na daina jin ƙyamarsu, halinsu suka yi. Ƙyamar kaina nake ji.

Jiya na ɗauki jita na ce bari in sake kiɗan da kaina tun yana kunnena. Farkon kawai na iya. Na yi ta lalube, na kasa gano inda ka nufa bayan nan. Ashe duk tsawon lokacin nan, da zarar ka fara sai in shigo da nawa a kai, kaina nake saurare. Ban taɓa yin shiru na ji ka har ƙarshe ba.

Ka yafe mini. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Ƙaninka mai kunnen ƙashi,
Auwalu